Kwana Shida a Pemba da Misali: Sharhi Kan Hidimar Wani Kamfanin Tafiye-tafiye na Kaduna

Duk wanda ya saba kwana da ƙarar janareton maƙwabta, ya kuma wayi gari da hayaniyar 'yan keke a hanyar Kawo, zai fahimci abin da ya ja hankalina a tallar da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na nan Kaduna ya baza a WhatsApp. Tallar ta yi alkawarin kwana shida a tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, da wuni guda a wani ɗan tsibiri da babu mazauna a cikinsa mai suna Misali, da masaukin da ba a sayar da giya, da ayarin da bai wuce mutum takwas ba. Ni da maiɗakina mun biya, mun tafi a cikin watan Agusta lokacin da damina ta kankama a nan gida, mun kuma dawo lafiya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin a cikin bayanina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma mai kamfanin ya karɓi ƙorafin cikin mutunci.

Asalin sana'ar kamfanin jigilar masu Umra ce, kuma wannan shi ne tushen ƙarfinsa da rauninsa gaba ɗaya. Ta fuskar takardu ban ga abin da zan kushe ba. Ɗan Nijeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi, domin ƙasarmu tana cikin jerin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta can ta duba buƙatar mutum ta amince tun kafin ya taso. Kamfanin ya san da haka, saboda haka ya karɓi bayanan fasfonmu fiye da wata biyu kafin ranar tafiya, bai kuma yanki tikitin jirgi ba sai da amincewar ta fito. Ya tabbatar kowa yana da katin rigakafin zazzaɓin shawara, ya kuma saya mana inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo tun daga watan Oktoban 2024, wadda kuɗinta dala 44 ne, kuma ba ta faɗuwa a kan mutum ko da yana da wata inshorar daga gida. Hatta dokar hana shiga da leda da Tanzaniya ta kafa a watan Yunin 2019 an gaya mana, aka ce mu nemi jakar yadi. An haɗa wa kowa takardunsa a jere cikin fayil ɗaya, kuma sai da muka tsaya a layi a filin jirgin Zanzibar, muka ga wasu matafiya suna ta fama da waya suna neman biyan inshora a tsaye, sannan na san darajar wannan fayil.

Hanyar doguwa ce amma babu wani abin labari a cikinta. Mun hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, muka tashi zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Zanzibar, sannan wani ƙaramin jirgi mai kujeru goma sha 'yan kai ya ɗauke mu tafiyar kusan rabin awa zuwa filin jirgin da ke kusa da Chake Chake. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne ƙaramin jirgin ba ya ɗaukar nauyin kaya irin na manya, don haka akwatin Hajiya maiɗakina da aka cika da yaji da kilishi da garin kunu sai da ya ci mana ƙarin kuɗi. Agogon can ya riga namu da awa biyu.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin da yawancinmu ke kira Zanzibar shi ne tsibirin Unguja, inda manyan otal-otal da cincirindon 'yan yawon buɗe ido suke. Pemba 'yar'uwarta ce da ke arewa da ita, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Tanzaniya, ƙasa mai tuddai da kwaruruka da duhuwar itatuwa, wadda Larabawan da suka yi fatauci a Tekun Indiya suka sa wa suna Jaziratul Khadra'u, wato koren tsibiri. Sai dai kalmar “ɗan ƙaramin tsibiri” da tallar ta yi amfani da ita ba ta dace da Pemba ba. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita dubu ɗaya, ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun haura rabin miliyan, kuma tana da garuruwa uku masu kasuwanni da makarantu da babura, wato Chake Chake da Wete da Mkoani. Abin da take da shi shi ne ƙarancin baƙi da jinkirin rayuwa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda ya taso da hoton tsibirin da zai zagaye da ƙafa kafin La'asar zai ga akasin haka.

Masaukin da aka kama mana yana wajen gari, mai ɗakuna takwas, tsaf-tsaf, kowane gado da gidan sauronsa, ma'aikatan kuma masu fara'a ne ba ta neman kyauta ba. Wutar lantarkin Pemba tana zuwa ne ta wata waya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga yankin Tanga tun 2010. Sau biyu aka ɗauke wuta muna can, masaukin kuma ba shi da janareto, abin da na lissafa a cikin alherin wurin, domin daren farko da hakan ta faru na zauna a baranda ban ji komai ba sai kukan gyare da wata mujiya daga nesa. Ƙorafina a nan shi ne hoton da ke kan tallar, wanda ya nuna farin rairayi a bakin ƙofa. Abin da ke gaban masaukinmu kurmin wasu itatuwa ne da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, waɗanda mutanen wurin ke kira mikoko, kuma idan ruwa ya janye sai taɓo iya ganinka. Haka yawancin gaɓar Pemba take, rairayin kuwa yana can ƙuryar arewa da kuma kan ƙananan tsibiran da ke kewaye. Wurin yana da kyansa, amma ba shi aka nuna mana ba.

Ga Musulmin Arewa, zaman Pemba yana da sauƙin da ba a samu a yawancin wuraren shaƙatawa na bakin teku. Kusan kowa Musulmi ne, mata suna cikin lulluɓi, kuma babu inda maiɗakina ta shiga da hijabinta aka ɗaga kai aka dube ta. Akwai bambance-bambancen da baƙo zai lura da su. Da Magaribar farko na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda jiki ya saba, sai wani saurayi ma'aikacin masaukin ya matso cikin ladabi ya juya ta zuwa arewa. Pemba tana kudu da Makka kusan a miƙe, saboda haka alƙiblarsu arewa ce. A masallacin ƙauyen kuma, kasancewar yawancinsu mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana kuma yin alƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u a sallar Asuba, jama'a suna amsawa da amin. Kamfanin da ya ƙware wajen koya wa mutane ɗaura harami bai ga dalilin ambata mana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali layi biyu a takarda sun wadatar.

Abin da ya fi kama ni a Pemba kanumfari ne. Shekara da shekaru ina ganin ana auno shi a ƙaramin gwangwani a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana zuba shi a shayi da kunun zaƙi da zoɓo, ana dannawa a haƙori mai ciwo, amma ban taɓa tunanin kamanninsa kafin ya bushe ba. Mun iske lokacin girbi. A gefen kowace hanya an shimfiɗa tabarmi, kuma launin abin da ke kan tabarmar shi ke nuna kwanakin da ya yi a rana: na yau kore ne mai ratsin ja, na jiya ya fara dushewa, wanda ya kwana huɗu ko biyar kuma ya koma baƙi-baƙin da muka sani. Ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, kuma samari ne ke hawa dogayen itatuwan su tsinko shi da hannu, da yamma iyali su zauna su raba tohon da tsinkensa. Ƙamshin yana shiga mota ko an rufe gilashi. Suna kiransa karafuu, mu muna cewa kanumfari, kuma duka biyun daga kalmar Larabci ɗaya suka fito, wato ƙaranful. Noman ya bunƙasa ne a ƙarni na 19 a zamanin Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar, kuma da ƙarfin bayi aka yi shi. Bayan guguwar 1872 ta kakkarya itatuwan Unguja, sai nauyin noman ya koma Pemba, har yau kuma ita ke fitar da mafi yawan kanumfarin Zanzibar, wanda hukumar kasuwanci ta gwamnati ke saye daga hannun manoma. Babu ziyarar gona a jadawalinmu. Direbanmu ne ya ga yadda nake leƙe ta taga, ya tsaya a ƙofar gidan wani ɗan'uwansa, muka yi kusan awa guda a tsakar gida.

Wannan ya kawo ni kan jadawalin, wanda shi ne babbar matsalar hidimar. An tsara shi ne kamar ziyarar wurare a Madina, inda mota ke sauke alhazai su yi minti ashirin a busa musu usur su koma. A rana ɗaya aka haɗa mana wurare huɗu: Kidike, inda dubban manyan jemagun Pemba masu jan ƙirji ke rataye a kan itatuwa, waɗanda a ƙarshen shekarun 1980 saura ƙiris su ƙare saboda farauta kafin ƙauyuka su tashi tsaye wajen kare su, da dajin Ngezi, wanda shi ne mafi girman abin da ya rage na tsohon kurmin tsibirin, da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a Ras Kigomasha, da rairayin Vumawimbi. A Vumawimbi, wurin da ya fi kowanne kama da hoton tallar, mai tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensa, babu kowa sai masunta da wasu shanu da ke kwance a inuwa, minti arba'in aka ba mu. Mutumin da ya baro Kaduna domin ya huta ba ya buƙatar a riƙa duba masa agogo, kuma da an bar mu a wannan bakin ruwa tun hantsi har Azahar, da na yafe jemagun da hasumiyar duka.

Sai kuma ranar Misali, wadda saboda ita muka biya kuɗin tun farko. A takardar da kamfanin ya ba mu an rubuta cewa kwalekwale zai tashi daga tashar Wesha, kusa da Chake Chake, da ƙarfe biyu. Mun yi mamakin tafiyar wuni da za a fara da rana tsaka, amma tun da a rubuce yake, muka ci abinci a tsanake, muka isa tashar kafin biyun. Ba mu tarar da ruwa ba. Teku ya janye ya bar taɓo da jiragen katako kwance a kan haƙarƙarinsu, mata kuma suna tsintar wani abu a cikin laka. Mai kwalekwalen, wani dattijo da kowa ke kira nahodha, ya taso daga inuwa yana magana yana nuna sama, sai saurayin masaukinmu ya fassara mana cewa tun safe yake jiranmu har ruwa ya gudu.

Abin da ya faru shi ne, Waswahili suna fara ƙirga awoyin yini daga fitowar rana, domin a kusa da tsakiyar duniya rana tana fitowa wajen ƙarfe shida a duk shekara. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu awa ta ɗaya ce, ƙarfe takwas kuma awa ta biyu, wato saa mbili. Nahodha ya faɗa wa wakilin kamfanin saa mbili a waya, wani a ofishin Kaduna ya fassara kalmomin daidai, ya rubuta ƙarfe biyu. Dalilin zaɓen takwas ɗin kuwa shi ne lokacin ne ruwa ke cika a wannan rana. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida ne, ga shi kuma lokacin yana ja baya da kusan minti hamsin kowace rana saboda yana bin tafiyar wata. Mun zo ke nan daidai lokacin da ruwa ya kai ƙarshen gudunsa. Daga baya na samu tabbacin cewa babu ko mutum ɗaya a kamfanin da ya taɓa taka Pemba, duk a waya aka ƙulla komai. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma wannan kuskure ya cinye mana yini ɗaya cikin shida.

Washegari muka tashi wajen ƙarfe tara. Dole in yaba wa nahodha, wanda bai kunna inji ba sai da ya ga kowa ya ɗaura rigar kariya, ya kuma tambayi wa ya iya ruwa. Cikin mu takwas mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma a kogin Kaduna ya koya yana yaro. Bayan kusan awa ɗaya muka hango Misali, ɗan kurmi a tsakiyar ruwa da farin rairayi ya yi masa ƙawanya, tsawonsa bai fi kilomita guda da 'yan kai ba. Babu gida, babu shago, babu hanyar mota, sai rumfar masu gadi da ke karɓar kuɗin shiga da kuma sansanin masunta masu kwana su wuce. Bakin ruwan da ake sauka ana kiransa Mbuyuni, wato wurin kuka, kuma ganin bishiyar kuka tsaye a kan tsibiri a Tekun Indiya ya sa Hajiya ta ce saura kawai a kaɗa miya.

Mutanen Pemba suna da labarin cewa bawan Allah Halliru, wanda muka sani a ƙissar Annabi Musa cikin Suratul Kahfi, ya taɓa bayyana ga masunta a wurin ya nemi abin salla, da ba a samu ba sai ya ce tsibirin kansa ya isa darduma, daga nan sunan ya samo asali, domin msala a harshensu abin salla ne. Labarin baka ne, amma ya yi aiki. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamun kifi da nakiya ke rugurguza murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin tekun yankin kuma dokar gwamnati ta kasa hanawa, an yi wani shiri da limamai da malaman islamiyya suka riƙa karantar da masunta ayoyin da ke magana kan amanar ƙasa da hana ɓarna a cikinta, kuma masuntan da suka yi kunnen uwar shegu da jami'ai sun saurari malamansu. A yau akwai ɓangaren da ba a kamun kifi a cikinsa sam, kunkurun teku kuma suna hawowa rairayin su yi ƙwai.

Nahodha ya ba ni madubin da ake leƙa ƙarƙashin ruwa da shi, ya riƙe igiyar rigata, na tsaya inda ruwa ya kawo mini ƙirji na sunkuyar da fuska. Ban taɓa sanin cewa ƙasan ruwa yana da ƙara ba, wata 'yar ƙaramar ƙara ce kamar ta gero a cikin kasko. Murjanin wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, kifaye masu ratsin rawaya da shuɗi suna wucewa ta tsakanin gwiwoyina ba su damu da ni ba. Maiɗakina ta shiga da doguwar rigarta har kwankwaso, ta fito tana dariya kamar yarinya. Daga nan kowa ya kama gabansa. Na sami inuwa na kwanta, ina kallon wasu ƙananan ƙaguwa da ke yawo ɗauke da kwanson katantanwa a bayansu, waya babu sabis, babu wanda ya kira sunana har sai da inuwar ta matsa ta bar ƙafafuna a rana. Mun yi sallar Azahar a kan rairayi muna fuskantar arewa, muka ci gasasshen kifi da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Awa huɗu muka yi a tsibirin, kuma su ne kaɗai awoyin tafiyar da babu wanda ya tsara abin da za a yi a cikinsu.

Dawowa ba ta yi daɗi ba. Watan Agusta lokacin iskar kudu ce da suke kira kusi, kuma da yamma takan tayar da igiyar ruwa, har mutum uku a cikinmu suka yi amai. Da kamfanin ya sani, da ya ce a taho da maganin jiri.

Game da abinci, babu fargabar halacci, amma mai son tuwo ya shirya yin haƙuri. Kifi ne da shinkafa da kwakwa safe da yamma, sai ƙosan fulawa da suke kira mandazi da shayi mai kayan ƙamshi, da kuma wata halittar teku mai hannuwa takwas da ake kira pweza, wadda na ɗanɗana sau ɗaya ban ƙara ba. Yajin Hajiya ya fanshi kuɗin da aka biya masa a jirgi. Kuɗin tafiyar gaba ɗaya ya yi kusa da na Umra a wajen watan azumi, kuma kaso mafi tsoka tikitin jirage ne suka cinye, abin da ba laifin kamfanin ba ne. In ban da ƙarin kuɗin akwati, babu wani ɓoyayyen caji da ya ɓullo daga baya, kuɗin shiga Misali da Ngezi kuwa tun a Kaduna aka ce mana daga aljihunmu za su fito. Zan iya tura ma'aurata masu neman natsuwa wurin wannan kamfani, da sharaɗin su nemi ainihin hoton masaukin, su sa a soke rabin jadawalin, su kuma nemi a ware kwana biyu domin Misali ko da ɗaya zai salwanta. Ba zan tura mai ƙananan yara ba, ko dattijon da hawa kwalekwale daga cikin ruwa zai yi wa wuya.

Mako guda da dawowarmu na je ofishin na zayyana wa mai kamfanin duk wannan. Bai yi gardama ba, ya ce: “Malam, wallahi kunya ta kama ni, a yi mana afuwa.” Ya mayar wa kowannenmu kuɗin yinin da ya ɓata ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma ce ya cire hoton daga tallar. Sannan ya jawo sabuwar takardar ayarin da zai tashi a watan Janairu, ya nuna mini da yatsa inda aka gyara, an rubuta Wesha, ƙarfe takwas na safe, har an ja layi a ƙarƙashi. Na ce: “Alhaji, takwas ɗin nan ta wancan yinin ce, ruwan Janairu yana da nasa lokacin.” Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ɗauki waya ya ce a nemo masa lambar nahodha.